Ajiya Maganin Wata Rana

Duk Bahaushen da ya sauka Kwatano, ko ta hanyar Gaya da Malanville ya gangaro, ko ta iyakar Seme ya shigo daga Legas, in ya tambayi inda 'yan'uwansa suke, Zongo za a nuna masa. Sunan unguwar ba baƙo ba ne a kunnen ɗalibin Hausa, domin zango ne, wato masaukin ayari, bakin mutanen kudu ya mayar da shi zongo, kamar yadda ake kiran takwarorinsa na Kumasi da Lome. A nan babban masallacin unguwar yake, kuma a kewayensa mutum zai ji Hausa da Dendi da Zabarmanci da Yarabanci da harshen Fon da Faransanci suna cuɗanya a baki ɗaya, wani lokaci ma a jimla ɗaya. Yaro zai ce ya dawo daga lakwal, direba ya ce kamyonsa na bakin tasha, uwargida ta ce an ɗauke kuran, kuma kowa ya gane abin da ake nufi.

Abin da ya riƙe kowane zango tun zamanin fatake shi ne amana. Baƙo yakan sauka gidan maigida, ya danƙa masa kuɗinsa da kayansa, ya shiga kasuwa da kwanciyar hankali. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari filla-filla a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan. Maigidan da ya san aikinsa ba ya tara ajiyar mutane a akwati guda, ba ya dogara da ƙwaƙwalwarsa ita kaɗai, kuma ba ya jiran ranar da mai kaya zai dawo kafin ya duba ko kayan suna nan. Waɗannan ladubba uku tsofaffi ne ƙwarai, amma wata ɗaliba 'yar unguwar sai da ta yi asarar da ba ta da madadi kafin ta gane cewa da ita ma suke magana.

Ɗalibar tana karatun kimiyyar harshe a Jami'ar Abomey-Calavi, kuma da lokacin rubuta kundin kammala digiri ya zo, ta zaɓi ta nazarci Hausar tsofaffin matan Zongo. Ba ta yi nisa wajen neman mai ba da bayani ba, domin kakarta ta wajen uba tana ɗaki ɗaya da ita. An kawo tsohuwar Kwatano tana amarya daga ƙasar Maraɗi, ta haihu a nan, ta aurar a nan, amma harshenta bai taɓa barin gida ba. Tana cewa tahi da hwaɗi da ɗiya, tana tambaya da mi, kuma tana riƙe da sunayen kayan ɗaki da na saƙa da na girki waɗanda jikokinta ba su taɓa ganin abin da ake kira da su ba. Bayan sallar isha'i jikar takan ajiye waya a kan tabarma, ta matsa kusa.

"Kaka, yau ina muka tsaya?"

"Ke kishiya, mi kika so da ni kuma? Kin amshe mani miji, yanzu muryata kika biɗa?"

Daga nan sai dariya, sai labari ya ɓalle. Wata rana tatsuniya ce, wata rana labarin tafiyarsu a bayan babbar mota har Paraku, inda suka hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, wata rana kuma waƙar daka ko ta raino. A wata huɗu ɗalibar ta tara abin da ya kai awa 30 na magana. Malaminta ya gargaɗe ta da ta riƙa naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, domin mai nazarin karin sauti da tsawon wasali yana bukatar murya yadda ta fito daga baki. Sai dai irin wannan naɗi yana da cin wuri: minti ɗaya mai ingancin faifan CD yakan kai megabayit 10, awa ɗaya kuwa ta haura 600. Saboda haka duk lokacin da wayar ta cika, sai ta juye abin da ke ciki a kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, ta goge na wayar don ta sami wurin sabo.

Ta san ya kamata ta yi kwafi. Malaminta ya faɗa a aji, abokan karatu sun faɗa, ita ma ta sha faɗa wa wasu. Har ta sayi filashi don wannan aiki, ta jefa shi a jaka da niyyar in ta sami sarari ranar Lahadi za ta zauna ta kwafe komai. Lahadi ta zo da biki, ta gaba ta zo da jarrabawa, ta bayanta kuma aka wuni babu wuta. Wata ranar Talata da magariba, tana bayan zemijan, wato ɗan acaɓan Kwatano mai rawayar riga, a cikin cunkoson da ke kusa da kasuwar Dantokpa, wani ya fizge jakar daga kafaɗarta ya shige cikin jama'a. Kwamfutar na ciki. Filashin ma na ciki, ko ledarsa ba a yage ba.

Da ta isa gida tana kuka, tsohuwar ce ta rarrashe ta. "Bar kuka, ɗiyata. Bakin da ya hwaɗi shina nan, sai mu sake." Sun sake zama sau uku ko huɗu, amma tari ya riga ya kama tsohuwar, numfashinta ba ya kai ƙarshen jimla. Kafin damina ta fita Allah ya yi mata rasuwa. Bayan sadakar bakwai ɗalibar ta zauna ta lissafa abin da ya rage mata: zaman ƙarshe da aka yi cikin tari, da guntaye biyar da ta taɓa tura wa ɗan kawunta ta WhatsApp don ya yi dariya. Mafi tsawonsu minti shida ne, farkon wata tatsuniya, kuma ya yanke daidai inda yarinyar cikin labarin ta isa bakin rijiya.

Mai karatu zai iya cewa sakaci ne, kuma bai yi ƙarya ba. Amma irin sakacin ya cancanci a dube shi, domin ilimi bai yi mata ƙaranci ba, niyya ma haka. Abin da ya ci ta shi ne ta ɗora aikin a kan tunawa da samun sarari, su kuwa waɗannan biyu su ne farkon abin da ke ƙarewa ga mai hidima. Matan kasuwannin Kwatano sun daɗe da gano maganin wannan. Mai son tara kuɗi ba ta cewa za ta kai banki in ta sami lokaci. Akwai masu karɓar adashi da ke zagayawa rumfa rumfa kullum, da kati mai gida 31, su karɓi zubin ranar su sa alama, a ƙarshen wata su mayar mata da kuɗinta su riƙe zubin yini ɗaya ladan wahalarsu. Tarin yana yiwuwa ne saboda mai karɓa yana zuwa da ƙafarsa, ko ta tuna ko ta manta, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba.

Ɗan kawun nata, wanda ta saba kira Yaya, yana aiki a ofishin wani mai fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda yake kula da kwamfutocin da ke riƙe takardun kayan 'yan kasuwar Nijar da na arewacin Nijeriya. Shi ya nemo mata tsohuwar kwamfuta ta hannu, ya sa mata Linux, ya ce wannan ba za ta ƙara fita daga gida ba. Ya kuma ce zai ɗaukar mata mai karɓar adashi wanda ba ya barci, kuma a cikin kwantena zai zo.

"Yaya, wace irin kwantena kuma a ɗakin da ko katifa biyu ba ya ɗauka?"

Ya yi mata bayani da abin da ta saba gani. Kafin 1956 ana loda jirgin ruwa ne buhu buhu, ganga ganga, kowane kaya da irin ɗaukarsa. A watan Afrilu na shekarar wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Daga baya duniya ta daidaita girman akwatin, ta yadda wanda aka rufe a Sin zai hau kowane jirgi, ya sauka Kwatano, ya hau bayan tirela zuwa Yamai ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. A 2013 Solomon Hykes da abokan aikinsa suka fito da manhajar Docker, wadda ta ɗauki wannan dabara ta kai ta cikin kwamfuta. Ana haɗa manhaja da duk ƙananan kayan aikin da take bukata a ƙunshe su wuri guda, sai ƙunshin ya yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura mai Docker. Shi ya sa tambarin kamfanin kifi ne babba ɗauke da kwantenoni a gadon bayansa.

Amfanin wannan ga mai ajiya a fili yake. Tsarin da mutum ya kafa da hannu, yau ya sa wannan gobe ya gyara wancan, yakan mutu tare da kwamfutar da aka kafa shi a kanta, domin bayan shekara ba mai tuna yadda aka yi. A tsarin kwantena kuwa, umarnin duka yana cikin ɗan fayil guda wanda bai cika shafi ba. A ciki aka rubuta jakar da za a kwafa, da inda za a kai kwafin, da lokacin da za a yi, da umarnin cewa in kwamfutar ta mutu ta sake tashi, kwantenar ma ta tashi da kanta. In na'urar ta lalace ko an sace ta, sai a ɗauki fayil ɗin a kai wata, cikin mintuna aiki ya ci gaba. Yayan ya kuma ba kwantenar izinin karanta jakar naɗe-naɗen kawai, ban da izinin rubutu, don kada wani kuskure ya sa mai gadi ya ɓata abin da aka ba shi tsaro.

Mai ƙayyade lokacin wata tsohuwar manhaja ce da ake kira cron, wadda ta samo asali daga tsarin Unix na shekarun 1970. Umarninta layi ɗaya ne mai gurbi biyar: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Tauraro a gurbi yana nufin kowane. Ya rubuta 0 2 * * *, ma'ana ƙarfe 2 na dare daidai, kowace rana, kowane wata. Washegari da suka duba rajistar aikin sai suka ga ƙarfe 3 aka yi shi. Dalili shi ne yawancin kwantenoni da agogon GMT suke zuwa, ƙasar Benin kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya, sai an gaya wa kwantenar yankin da take. Ya kuma nuna mata wani halin cron da ya kamata mazaunin ƙasashenmu ya sani: in lokacin ya zo kwamfutar tana kashe, ba ya rama aikin da ya wuce, sai dai ya jira na gobe. A nan tsohuwar kwamfutar hannu ta fi ta tebur, domin batirinta yakan riƙe ta in an ɗauke wuta.

Manhajar da ke yin kwafin kanta sunanta restic, kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka gina ta. A daren farko takan kwashe komai. Daga nan kuma sai ta riƙa yanka fayiloli gunduwa gunduwa, ta duba wace gunduwa ce ba ta taɓa ajiyewa ba, ita kaɗai za ta ɗauka. Saboda haka in ɗalibar ta ƙara naɗin awa ɗaya, awa ɗayar ce za ta hau intanet, kuɗin data bai tafi a banza ba. Duk da haka kowane zubi yana tsaye da ƙafarsa, ana iya cewa a dawo da jakar yadda take ranar kaza ga watan kaza. Suka tsara a riƙe zubin kwana 7 na baya, da ɗaya daga kowane mako har mako 4, da ɗaya daga kowane wata har wata 12, sauran a share don kada rumbu ya cika.

A nan ne ta fahimci bambancin ajiya da abin da yawancin ɗalibai ke ɗauka ajiya ce. Manhajojin da ke daidaita jakar kwamfuta da ta intanet madubi ne, abin da ke gabansu suke nunawa. In mutum ya goge babi na uku bisa kuskure, ko ƙwayar cutar kwamfuta ta lalata shi, madubin zai bi sahu nan take, kuma in ba a farga da wuri ba har wa'adin da kamfanin ke riƙe tsofaffin kwafi ya wuce, shi ke nan. Ajiya ta gaskiya ita ce wadda ke riƙe jiya da shekaranjiya ko da yau ta ɓaci.

Sai maganar wurin ajiyewa. Masu wannan fanni suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Mutumin Kwatano ba ya bukatar dogon bayani a kan sharaɗi na ƙarshe. Garin yana kwance tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ya ga ambaliyar 2010, ya kuma ga gobarar da ta cinye wani sashe na Dantokpa a ƙarshen Oktoban 2015. Ruwa da wuta ba sa tambayar wanne ne asali wanne ne kwafi in sun same su a ɗaki ɗaya. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta ƙone ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu abokan cinikinsa suka tarar kwafin da suke taƙama da shi a harabar guda yake da asalin.

Tarihin rubutun Afirka ta Yamma ma shaida ne. A watan Janairun 2013, lokacin da masu ɗauke da makamai ke ficewa daga Timbuktu, an ƙone ko an kwashe rubuce-rubucen hannu fiye da 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba, amma mafi yawan taskar garin ta tsira domin an riga an fitar da ita a ɓoye zuwa Bamako. Ɗalibin adabin Hausa kuma ya san Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a can a 1934. Ana karanta zubensa na ajami a yau ne saboda abin da ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich ya sami mazauni na biyu a Turai, waƙoƙinsa kuwa almajirai suka yi ta kwafa daga zango zuwa zango. Bisa wannan, suka tsara kwantenar ta riƙa zuba kwafi ɗaya a faifan ajiya da ke jone da kwamfutar, ɗaya kuma a rumbun intanet da ake biya wata wata.

Ɗalibar ta yi turjiya a kan na intanet, kuma tana da hujja. Matan da ta fara naɗa bayan rasuwar kakarta suna faɗin abubuwan da ba na kasuwa ba ne: zaman kishi, haihuwar da ba ta zo da rai ba, bashin da miji ya mutu ya bari. Sun yarda ta naɗa ne don sun san gidan da ta fito. Yayan ya nuna mata cewa restic tana kulle komai da kalmar sirri tun kafin ya bar kwamfutar, ta yadda mai rumbun ba ya ganin komai sai tarkacen lambobi. Amma ya ƙara da cewa in kalmar ta ɓata, ajiyar ta ɓata har abada, ko wanda ya ƙirƙiri manhajar ba zai iya buɗewa ba. Sai ta rubuta kalmar a takarda, ta haɗa da kwafin ɗan fayil ɗin umarni, ta sa a ambulan ta kai wa kawunta, wanda har yanzu baƙi daga Maraɗi da Katsina ke sauka gidansa.

"Kawu, ga ajiya."

"Ta kuɗi ce ko ta takarda?"

"Ta magana ce, Kawu."

Ya juya ambulan ɗin, ya rubuta sunanta da ajami a bayansa, ya buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiyar baƙi ya sa a ciki, bai ƙara tambaya ba.

Wata biyu komai na tafiya daidai. Kowace safiya saƙo na shigowa wayarta cewa an yi zubin dare lafiya, har ta daina karantawa, ganin alamarsa kawai ya ishe ta. Ranar wata Juma'a Yayan ya biyo gidan bayan masallaci, ya ce ta zaɓi kowane naɗi na makon da ya wuce su dawo da shi daga rumbu su saurara. Ta ce ai saƙo na zuwa kullum. Ya ce gani ya kori ji. Da suka buɗe zubin daren jiya sai suka tarar babu komai a ciki. Na shekaranjiya ma haka, har kwana 19 baya.

Da suka bi sawu sai ga dalilin. Ita ce ta sauya wa jakar naɗe-naɗen suna don ta bambanta ta da ta rubutu, ba ta kawo komai a ranta ba. A daren aka ɗauke wuta har batir ya ƙare. Da kwamfutar ta sake tashi, Docker ya nemi jaka mai tsohon suna bai samu ba, sai ya ƙirƙiri sabuwa fanko da wannan suna, kamar yadda yakan yi a irin wannan saiti. Tun daga ranar kwantenar take kwafe fanko da aminci, tana kuma aiko da albishir cewa aiki ya kammala. Ba ta yi ƙarya ba, abin da aka nuna mata shi ta ajiye. Wannan karon ba a yi asara ba, domin asalin yana nan a kwamfutar. Amma kwana 19 muryoyin mata huɗu suka yi a wuri ɗaya tak, mai su kuwa tana barci da yaƙinin cewa suna wuri uku.

Abin da ya same ta ya sami waɗanda suka fi ta ƙwarewa. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure. Kamfanin na da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka juya gare su sai aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe tana faɗuwa, saƙonnin gargaɗinta kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka yi da hannu awa shida kafin aukuwar abin, kuma aikin waɗannan awanni shida ya tafi. Makarantar allo ta riga su sanin wannan. Gardi ba ya cewa ya haddace don ya taɓa biyawa bara, sai ya riƙa tilawa a kan lokaci, kuma in ya rubuta allonsa sai ya kai darasu wani ya duba masa, domin mai kuskure ba ya jin kuskurensa. Ajiyar da ba a taɓa dawo da ita an gani ba, zato ce kawai.

Gyaran da suka yi kashi uku ne. Na farko, saƙon safe ya daina cewa an gama kawai, ya koma faɗin adadin fayilolin da aka tarar da nauyinsu, ta yadda in lamba ta faɗo daga ɗaruruwa zuwa sifiri ido zai kama. Na biyu, suka sa wani mai sa ido a intanet wanda ke jiran sallama daga kwantenar kowane dare, in dare ya wuce bai ji ta ba shi ne zai yi ƙara, domin na'urar da ta mutu ba ta iya aiko da labarin mutuwarta. Na uku kuwa ba na na'ura ba ne. Juma'ar farko ta kowane wata, bayan la'asar, ɗalibar takan rufe ido ta sa yatsa a kan jerin naɗe-naɗenta, ta dawo da wanda yatsan ya faɗa a kai daga rumbun intanet, ta saurare shi daga farko har ƙarshe. Wannan kaɗai ne aikin da ya rage a wuyanta, kuma ta ɗaure shi da rana da sallah don kada ya koma hannun samun sarari.

Kundin ya sauya fuska. Da an so a gina shi a kan bakin mace ɗaya, yanzu ya tsaya a kan na mata tara, kuma malaminta ya ce ta fuskar ilimi hakan ya fi ƙarfi. Ita dai ba ta musa ba. Daga cikin matan akwai aminiyar kakarta, wadda suka yi shekaru suna sayar da fura a ƙofar masallaci ɗaya. Wata rana ɗalibar ta kunna mata guntun nan na minti shida. Tsohuwar ta saurara har inda ya yanke, ta share ido da gefen mayafi, ta ce ta san tatsuniyar, sai dai a garinsu ba rijiya yarinyar ta je ba, kogi ne, kuma ba ta da tabbacin ko ƙarshen nasu ɗaya ne. Ta karɓa daga nan ta kai ta har ƙurunƙus.

A daren ɗalibar ta juye naɗin a kwamfuta, ta ajiye shi kusa da na kakarta, ta ba su lamba ɗaya, ta bambanta su da harafi. Ba ta goge na wayar ba. Da asuba, kafin ladanin babban masallaci ya yi kira na biyu, saƙo ya shigo, ta buɗe ta karanta lambar: fayil 214, jiya kuwa 213 ne.